Tsakaninmu Mata: Ranar Da Yaya Ya Dawo Gida

 Yau dai ku yi min haƙuri, mun ajiye zancen soyayya. Maganar yayyenmu da ƙannenmu zan yi, waɗanda shaye-shaye ya kai gaban alƙali.

Tun shekarar 2000 da Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci aka hana sayar da giya, amma mai nema bai rasa ba. Ga kuma kodin, wanda a 2017 Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, har gwamnati ta haramta shi a 2018.

Yaro ya sha ya yi mankas, ya ja akuyar mutane a kasuwar Shuwarin, an ɗaure shi. To ranar da ya fito fa? Baba ya ce kar ya taka masa zaure, Inna ta kulle ɗakinta, ke kuma kina ɓoye shi don kar saurayinki ya ji ya fasa. Ina zai nufa in ba gun abokan da suka koya masa ba? Su ai ba sa korarsa.

Haba 'yar uwa! Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki zuba masa tuwonsa da hannunki, ki kira shi Yaya kamar da, ban da gori. Ki lallaɓi Inna ta riƙe bakinta, don bakin uwa kaifi gare shi. In Baba ya ƙi saukowa, a nemo kawu ko baffan da yake jin nauyinsa. Kar a damƙa wa yaron kuɗi, a kai shi koyon ɗinki ko kanikanci, ya dawo a gajiye.

Sannan ku sani, wanda ya daɗe yana shan giya sosai, in ya bari farat ɗaya jikinsa kan ɗauki rawa, har ya yi jijjiga. Wannan aikin likita ne, ga asibitin masu taɓin hankali a Kazaure. Mari da bulala ba magani ba ne. Mun ga halin da aka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a 2019.

In ya koma ya sha, kar ku ce shi ke nan. A sake jawo shi, a haɗa da addu'a.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.