Ga Kogi Ga Rana: Bolari Da Batun Lantarki

Kowace ƙasa da irin arzikin da Allah ya binne mata ko ya saukar mata daga sama, kuma a kansa take dogara in za ta samar wa jama'arta wutar lantarki. Maroko ta dubi saharar Warzazat, ta kafa tashar Noor mai aiki da hasken rana, wadda aka buɗe kashinta na farko a 2016. Kenya tana ɗebo tururi daga ƙarƙashin ƙasa a Olkariya, tana kuma juya fankoki da iskar tafkin Turkana. Nijeriya ita ma ta tare kogin Kwara a Kainji tun 1968.

To, ina rabon Gombe? Lalle ba a yi mata rowa ba. Akwai gawayin ƙasa a Maiganga, cikin Ƙaramar Hukumar Akko, wanda kamfanin siminti na Ashaka yake haƙa. Akwai man fetur a Kolmani, kan iyaka da Jihar Bauci, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙa a watan Nuwamba 2022. Amma waɗannan biyu masu ƙarewa ne, hayaƙinsu kuma yana cikin abubuwan da ke dagula yanayin duniya. Waɗanda ba su ƙarewa su ne kogin Gongola da rana.

Madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda ba ta kai kilomita 40 gabas da Gombe ba, an gama gininta tun cikin shekarun 1980, kuma daga can ne garin yake samun ruwan famfo. Sai dai injunan lantarki masu ƙarfin megawat 40 ba su fara aiki ba sai bayan fiye da shekara 30. Duk tsawon wannan lokaci ruwa yana kwarara, ƙarfinsa yana tafiya a banza, watau ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Mai karatu ya leƙa unguwar Bolari ya ga ma'anar wannan jinkiri. Tela da mai walda da mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara, kowa cinikinsa a kan wuta yake. In ta ɗauke sai janareta, kuma tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga watan Mayu 2023, ribar yini takan ƙare a gidan mai. Kusanci da madatsa bai isa ba, domin wutar da aka samar a can tana shiga babban layin ƙasa ne, daga nan ake rarraba ta.

Amma rana ba ta bin layin kowa. A kan rufin kowane gida take sauka. Abin da ke hana talaka cin moriyarta shi ne kuɗin faifan sola da batir, waɗanda ake biya a dunƙule. Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Ya kamata hukumomin Gombe su yi amfani da wannan dama, su kafa ƙananan tashoshin rana a kasuwanni da unguwanni, su buɗe wa masu sana'a hanyar biya kaɗan-kaɗan, su kuma horar da samari gyaran kayan. Kada jiran da aka yi wa Dadin Kowa ya maimaitu a kan rana.