Jan Kunne Ga Masu Cewa Haƙorin Yaro Zubewa Zai Yi

Da sunan Allah nake farawa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Amma bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ina da ƙara a kanmu, ni da ku. Babu ɗayanmu wanda bai karanta falalar asuwaki a babin alwala ba. Muna tafe da shi a aljihu, muna gogawa kafin salla, alhali 'ya'yanmu suna kwana da alawa a baki. Wane irin aiki da ilimi ne wannan?

Ga abin da ya tayar da ni. A zaurena akwai yaro ɗan shekara 5, kullum hannu a kunci, ba ya iya fitar da sinun daga mafitarta. Na buɗe bakinsa, na iske haƙoran gaba huɗu sun yi baƙi, sun gutsure har dasashi. Na kira ubansa, mutum mai karatu, ya ce mini, "Malam, ai na nono ne, zubewa za su yi."

Ku sani wannan magana ɓatacciya ce. Haƙoran nono 20 ne. Na farko yakan tsiro wajen wata 6, su cika wajen shekara 3, na ƙarshensu kuwa ba ya faɗuwa sai wajen shekara 12. Ashe yaro zai yi ta tauna da ruɓaɓɓen haƙori shekara da shekaru, muna ce masa ya jira? Kuma kowannensu yana tsare wa magajinsa gurbi. In aka cire shi da wuri, maƙwabtansa su matso, magajin ya fito a karkace. Har wa yau, turmin farko na dindindin yana fitowa can ƙurya wajen shekara 6, ba tare da wani ya faɗi ba. Mai jiran ya zube, ruɓewarsa zai gani, ba kuwa mai maye gurbinsa.

In wani ya ce tsutsa ce, mu ce masa a'a. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai cinye haƙori. Da dare yawu yana raguwa, ba mai wankewa. Saboda haka uwar da ta kwantar da jariri da kwalbar shayi mai sukari a baki ta cuce shi, ko da ƙauna ta nufa.

Ƙarya ta biyu ta fi muni: yaro ya kama zawo da zazzaɓi mai zafi, a ce "haƙori ne", a zauna. Tsirar haƙori takan kawo ƙaiƙayin dasashi da dalalar yawu. Zawo da zafin jiki ciwo ne daban, asibiti ake kai shi. Wanda ke raina kumburin dasashi ya tambayi labarin asibitin yara masu cutar noma da aka buɗe a Sakkwato a 1999. Daga dasashi take farawa ga yaro mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, cikin kwanaki kaɗan ta ci kunci. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Abin yi kaɗan ne. Kafin haƙori ya fito, a share dasashi da tsumma mai tsabta. Ran da na farko ya tsiro, a fara gogewa da buroshi mai laushi, safe da lokacin kwanciya, da man goge baki mai sinadarin fuloraid gwargwadon ƙwayar shinkafa. Daga shekara 3 a kai shi ƙwayar wake, ya tofar, kada ya haɗiye. Babba ne zai goge masa har wajen shekara 7, domin hannun yaro bai ƙware ba. Wanda bai sami buroshi ba, ga darbejiya a ƙofar gida.

Ya kai malami, yadda kake duba allon almajirinka, duba bakinsa. Amana ce, za a tambaye mu. Allah Ya ba mu ikon gyarawa. Haza wasalam.