Kwalin Saƙo Ba Shara Ba Ne

Ya kai mai karatu, tun da aka kafa Jumia a Legas a 2012, sayayya ta intanet ta yaɗu har nan Tudun Wada. To, in ka kwance saƙonka, ina kake jefa kwali da ledar? In a kwata ne, ka sani leda ba ta ruɓewa da wuri. Ita ke toshe hanyar ruwa da damina, wata ta gangara Kubanni, wata akuya ta haɗiye ta mutu. Don Allah ka adana kwalin, ka zuba littattafanka ko ka yi musu bango. Ledar kuma ka sake amfani da ita. Zubar da abu mai amfani almubazzaranci ne. Allah Ya ganar da mu, amin.