Birkin da aka bari sai gobe

A ranar 28 ga Yunin 2018, birkin wata tankar mai ya tsinke a gadar Otedola da ke Legas. Wuta ta lashe motoci sama da 50, aka kuma rasa rayuka. Irin wannan ake kira ƙaddara a tasha, alhali sau da yawa makanike ya daɗe da gargaɗin cewa man birki na yoyo, mai mota ya ce a ɗan lallaɓa zuwa wani mako.

Taya ma haka take. A gefen kowacce akwai lambobi huɗu: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sha jan kunne kan tayoyin gwanjo da suka tsufa tun kafin su shigo ƙasa. Duk da haka, a hanyar Kano zuwa Zariya za a ga bas cike da fasinja, tayarta ta suɗe har zare ya fito, ga kwalta ta ɗau zafin rana.

Abin takaici, direban da ke harin kuɗin balas shi ke fara shiga hannu, domin dokar FRSC ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda tuƙin gangancinsa ya kashe mutum. Mai motar ma bai tsira ba: iyalan mamaci na iya maka shi a kotu su nemi diyya, kuma inshorar naira 15,000 da aka fara biya a 2023 naira miliyan 3 kacal take ɗauka na ɓarnar dukiya.