Yoga da rage ƙiba: a kwanon abinci take aikinta

Duk ranar 21 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa yoga a 2014, shafukan sada zumunta kan cika da hotunan masu lanƙwasa jiki a kan tabarma, tare da alkawarin cewa tumbi zai narke cikin 'yan makonni. Alkawarin ya fi ƙarfin yoga, kuma shi ne ke sa mutane da dama su watsar da ita da zarar sikeli ya ƙi motsi.

Lissafin a bayyane yake. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Sa'a guda ta hatha, nau'in da aka fi koyarwa, tana ƙona kalori 200 zuwa 300, gwargwadon nauyin mai yi, kuma kwalbar lemo mai rabin lita ta isa ta mayar da mafi yawansu. Hatta yogar Bikram, da ake yi a ɗaki mai zafin digiri 40, galibin abin da take ragewa gumi ne, wanda shan ruwa zai dawo da shi. Babu abin mamaki a nan: Patanjali, wanda ya tsara ƙa'idojin yoga a tsohuwar Indiya, natsuwar zuciya ya sa a gaba.

Duk da haka, tana da tasiri. A 2005, Alan Kristal da abokan aikinsa na cibiyar Fred Hutchinson da ke Amurka sun wallafa nazari a kan mutum kusan 15,500. A cikin masu ƙiba, waɗanda suka lizimci yoga shekara huɗu ko fiye sun rage kimanin kilo 2 tsakanin shekara 45 da 55, yayin da sauran suka ƙara kusan kilo 6. Nazarin bai tabbatar da cewa yoga ce sanadi ba, amma ya nuna inda ya kamata a duba.

Wurin kuwa shi ne kwanon abinci. Damuwa tana ɗaga sinadarin kotisol, ƙarancin barci kuma yana ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa. Ma'aikacin da ya wuni cikin matsi sai ya huce a kan soye-soye da zaƙi. Mai horar da numfashinsa yakan samu barci, yakan kuma fara bambanta yunwa da kwaɗayi. Jiki magayi ne, sai dai ga wanda ya saurare shi.

Saboda haka mai neman rage ƙiba ya ajiye yoga a muhallinta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Tafiya da sauri za ta cike wannan. Yoga ta kula da barci, da gaɓoɓi, da hannun da ke miƙawa neman ƙari.