Wasiƙa a Buɗe ga Masu Gyaran Kwamfuta: Antibairos na Kyauta ko na Kuɗi

Zuwa ga masu gyaran kwamfuta da masu ɗora mata manhaja,

Duk kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ko Windows 11 tana zuwa da antibairos ɗinta a ciki, wato Microsoft Defender. Ba a sayensa daban, wa'adinsa kuma ba ya ƙarewa. Da yawa daga cikin masu gyara suna yi masa kallon raini, kuma rainin yana da asali. Lokacin da ya fito a 2006, aikinsa bai wuce farautar manhajojin leƙen asiri ba. Sai a Windows 8, a 2012, ya zama cikakken antibairos, ko a lokacin ma yana can baya idan aka gwada shi da sauran. Wanda ya koyi sana'a a zamanin XP da Windows 7 ya tashi da sanin cewa da zarar an yi wa kwamfuta fomatin, sai a ɗora mata Avast ko AVG ko Kaspersky. Daidai ne a wancan lokaci, amma yanayi ya sauya.

Akwai cibiyoyi biyu masu zaman kansu da aka fi dogara da gwajinsu: AV-TEST a birnin Magdeburg na Jamus, da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya. AV-TEST tana ba da maki 18: shida na ƙarfin kariya, shida na rashin nauyaya kwamfuta, shida na rashin kama fayil mai lafiya bisa kuskure. Tun wajen 2019 Defender yakan samu cikakken makin ko ya kusa, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saye da dala. Ga magidancin da kwamfutarsa ba ta wuce rubutu da kallo da karatun yara ba, wannan ya wadatar.

Sai dai Defender yana da rauni guda da ya shafi mai sayen data da awo fiye da kowa. Yana jingina sosai da intanet wajen tantance sabon fayil, kuma gwaje-gwajen AV-Comparatives sun sha nuna cewa idan babu intanet, abin da yake kamawa yakan ragu fiye da na wasu takwarorinsa. Kwamfutar da ke yin wata biyu ba a jona ta ba, alhali kullum ana cusa mata filash daga shagon buga takardu, ba ta cikin kariyar da maki 18 ke nufi. Ga shi kuma wasu masu gyara sukan kashe Windows Update gaba ɗaya don kada ta cinye wa kwastoma data. Niyyar mai kyau ce, ɓarnar kuwa babba. A watan Mayu na 2017 bairos mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Birtaniya, ta wata kafa da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris. Waɗanda suka sabunta Windows ɗinsu sun tsira.

Abin da mai sayen antibairos yake biya wa kuɗi, galibi, kayan da aka haɗa masa ne: VPN, ma'ajiyar kalmomin sirri, tsarin sa ido kan abin da yara ke buɗewa, kariya ta musamman lokacin shiga shafin banki, da lasisi ɗaya da zai rufe kwamfutoci da wayoyin gida duka. Wanda zai yi amfani da su, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Haka ma mai ajiye lissafin kasuwancinsa a kwamfutar gida, ko wadda hannaye da yawa ke taɓawa kuma ba ta cika ganin intanet ba. Wajibi ne dai a gaya wa kwastoma cewa farashin shekarar farko sau da yawa na talla ne, na shekara ta biyu ya fi shi, kuma kamfanoni da dama suna cire kuɗin sabuntawa daga kati ba tare da sun sake tambaya ba. McAfee ko Norton da ke zuwa a sabuwar laftof kuwa na ɗanɗano ne. Idan kwanakinsa suka cika ba za a biya ba, a cire shi ɗungurungum, Defender zai koma bakin aiki da kansa.

Antibairos na kyauta na wasu kamfanoni yana kama bairos yadda ya kamata, amma kamfani ba ya aikin sadaka. Wani da tallace-tallace yake fanshewa, wani da bayanan mutane. A 2020 aka bankaɗo cewa Avast yana sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, kuma a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5. A shekarar ce kuma gwamnatin Amurka ta hana sayar da Kaspersky a ƙasarta saboda alaƙar kamfanin da Rasha. Haramcin na can ne, bai shafi mai saye a wata ƙasa ba.

Babbar kafar da bairos ke shiga kwamfutar gida, abin takaici, sau da yawa a teburin mai gyara ake buɗe ta. Za a ɗora Office ko CorelDRAW na sata, Defender ya kama manhajar fasa lasisin, sai a kashe shi, ko a ware masa babban fayil a ce kada ya leƙa, a miƙa wa mai ita a haka. STOP/Djvu, ɗaya daga cikin manhajojin garkuwa da fayil don neman kuɗin fansa da suka fi addabar kwamfutocin gida, ta irin waɗannan manhajojin sata ta fi yaɗuwa. Mafi muni shi ne antibairos na kuɗi da aka fasa: ya sa Defender ya ja gefe, shi kuma ba lallai ya riƙa samun sabuntawa ba. Ɗora cikakken antibairos biyu ma ba ƙarin tsaro ba ne, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya. Kwamfutar ce za ta yi nauyi. Smadav, antibairos ɗan ƙasar Indonesiya da ake yawan sawa saboda bairos ɗin filash mai mayar da fayil shotkot, an gina shi ne a matsayin mataimaki, kuma kuskure ne a bar shi shi kaɗai.

Saura batun tsohuwar Windows, wanda ya fi shafar laftof 'yan gwanjo. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, kuma tsofaffin injuna da yawa ba su cika sharuɗɗanta ba. Antibairos, ko na nawa ne, ba ya toshe kafar da ke jikin Windows kanta, don haka kwamfuta mai Windows 7 ba ta dace da harkar banki ba.

Kafin kwamfuta ta bar shago, ana roƙon mai gyara ya buɗe Windows Security ya tabbatar kariyar tana kunne, ya soke duk wata warewar da ta hana Defender leƙa wani fayil, ya sabunta ta da intanet ɗin shago, ya kunna Controlled folder access ga mai muhimman takardu tunda a kashe yake zuwa, sannan ya nuna wa mai ita yadda zai riƙa kwafe fayilolinsa a wata ma'ajiya da ba ta zama a jone. Idan kwastoma ya tambayi wanne zai saya, a fara tambayarsa me yake yi da kwamfutar.