Wa Ya Ci Amanar Wa?

A cikin watan Agustan 2024, ana tsakiyar gasar Olamfik ta birnin Paris, muna zaune a majalisarmu ta bakin titi a Karaye bayan sallar isha'i, sai wani ƙanena ya miƙo wayarsa yana nuna mana hoton wata baƙar mace lulluɓe da tutar Amurka, ta ci lambar azurfa. Wani dattijo da muke kira Kawu ya tambayi sunanta. Da aka ce masa Annette Echikunwoke, sai ya tafa hannu ya ce, "Wannan ai 'yar Najeriya ce! Ƙasar ubanta ko tagulla ba ta samu ba, ita kuma ta je tana tara wa Amurka? Maciya amana kawai!" Majalisa ta ɗauka, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ni dai na ja bakina na yi shiru saboda girman Kawu, amma maganar ta tsaya mini a rai. Yau zan faɗi abin da ban faɗa ba a wannan dare: an ci amana kam, sai dai ba wannan yarinya ce ta ci ba.

Ga yadda abin ya faru. An haifi Annette a jihar Ohio ta Amurka, iyayenta 'yan Najeriya ne. Wasanta shi ne wurga dunƙulen ƙarfe mai igiya. Tana da damar yi wa Amurka wasa tun farko, amma ta zaɓi ƙasar iyayenta, ta bi tawagar Najeriya zuwa gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Sai da ta isa can aka sanar da cewa ita da wasu 'yan wasanmu tara ba za su shiga fili ba. Ba a kama ko ɗaya daga cikin goman nan da shan ƙwaya ba. Dokar duniya ce ta ce ƙasashe irin namu sai an yi wa ɗan wasa gwajin ƙwayoyi na ba-zata har sau uku a cikin watanni goma kafin gasa, kuma wannan aiki ne da ya rataya a wuyan hukumomi. Ba a yi ba. Yaran nan suka fito da kwalaye suna zanga-zanga a masaukin 'yan wasa, duniya tana kallo. Shekara uku bayan haka Annette ta ci wa Amurka azurfa, Najeriya kuma ta dawo daga Paris hannu rabbana.

To ina shugabannin Hukumar Wasannin Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Najeriya, wato AFN, suke a lokacin da ya kamata a yi gwaje-gwajen? Suna can suna kokawar kujera. Hukumar ta dare gida biyu: ɓangaren Ibrahim Shehu Gusau da ɓangaren da ma'aikatar wasanni ta lokacin minista Sunday Dare take mara wa baya. A watan Yunin 2021, saura 'yan makonni a tafi Tokyo, aka yi zaɓe biyu, ɗaya a Kebbi ɗaya a Abuja, kowane ya fito da nasa shugaban. Kayan wasan da kamfanin Puma ya tanada ba su hau jikin 'yan wasa ba saboda wannan rigima, har kamfanin ya soke yarjejeniyarsa. A wannan gasa ce Chukwuebuka Enekwechi, wanda ya kai zagayen ƙarshe a jifan dalma, ya saki bidiyo yana wanke rigar wasansa da hannu, don ita kaɗai gare shi.

Cikin goman nan na Tokyo akwai Favour Ofili. Ta haƙura, ta ci gaba da ɗaga tutar Najeriya. Ta cika sharaɗin shiga tseren mita 100 a Paris, amma da ta je sai aka tarar ba a shigar da sunanta ba. Hukumar AFN da kwamitin Olamfik na ƙasa suka yi ta jifan juna da laifi. Yarinyar ta yi tseren mita 200, ta zo ta shida a duniya, ta fashe da kuka a gaban 'yan jarida. A 2025 ta nemi komawa yi wa Turkiyya wasa, sai ga masu zagi sun yi caa a kanta. Mai karatu, ka ƙaddara 'yarka ce. Ta yi shekara huɗu tana asubanci wajen atisaye, an ɓarar mata da damarta. Ta sake yin shekara uku, an sake ɓararwa. Da wane baki za ka ce mata ta zauna ta jira ta uku?

Kada a ɗauka cutar ta tsaya ga guje-guje. A 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ita ma ta yi zaɓe biyu a kwana biyu a jere, ɗaya a nan Kano inda Tijjani Umar ya fito, ɗaya a Abuja inda Musa Kida ya fito. Rigimar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa har zuwa watan Mayun 2022, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga wasannin duniya. Kafin a janye wannan umarni, 'yan matanmu na D'Tigress, zakarun Afirka sau uku a jere a lokacin, sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya ta Ostireliya, an ba ƙasar Mali. Manya suka yi faɗa, yara suka biya.

Tsohon ciwo ne kuma. Francis Obikwelu ya yi wa Najeriya gudu har zuwa gasar Sidni ta 2000, inda ya ji rauni, ya kuma koka cewa an bar shi da ɗawainiyar jinyarsa. A 2001 ya karɓi takardar zama ɗan Fotugal, a 2004 ya ci musu azurfa a tseren mita 100 a birnin Atina. Glory Alozie, wadda ta ci mana azurfa a Sidni, ta koma Sifaniya. Femi Ogunode ya koma Katar. Salwa Eid Naser, haifaffiyar jihar Anambara, ta ci wa Baharen kambun duniya na mita 400 a 2019. Idan akuya ɗaya ta tsinke igiya, laifin akuya ne. Idan garke ya yi ta tsallake danga shekara ashirin da ɗoriya, ai sai a duba turken, a duba mai kiwon.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu Hausawa ne muke wannan zagi. Mu da muka gaji ci-rani da fatauci! Kakanninmu ne suka kafa zanguna a Kumasi da Akara, suka bi hanyar hajji ta ƙasa wasu suka zauna a Sudan, wasu a Makka. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, kyaftin ɗin Saudiyya Usama Hausawi ne, tare da shi akwai Umar Hausawi da Mu'utaz Hausawi. Na tuna yadda muka yi ta ƙafafa da su a gidajen kallo, muna cewa namu ne. Ba wanda ya kira su maciya amana. Haka kuma Ademola Lookman, wanda ya ci wa Ingila kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2017, da ya sauya sheƙa zuwa Najeriya a 2022 tafi muka yi masa, da ya zama gwarzon Afirka a 2024 muka ce ɗanmu ne. Wato idan ruwa ya gangaro gonarmu sunansa kishin ƙasa, idan ya gangara ta maƙwabci sunansa cin amana. Tsarin mulkinmu na 1999 ma bai hana wanda aka haifa ɗan Najeriya riƙe takardar wata ƙasa ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Za a ce ƙasashe masu kuɗi suna sayen 'yan wasa kamar ana cinikin raguna a kara, wasu tun suna ƙanana, kuma idan ƙafa ta daina gudu ba tabbas za a ci gaba da yi da su. Haka ne. Shi ya sa hukumar guje-guje ta duniya ta tsaurara doka a 2018: sai ɗan wasa ya jira shekara uku, kuma ba a yarda ya sauya ƙasa kafin ya cika shekara 20 ba. Ni ma ba na murna in ga ɗanmu yana rera taken wata ƙasa. Amma dillali ba ya sayen abin da mai shi yake riƙe da shi da kyau. Wanda ya bar ɗansa da yunwa, kunya ce gare shi ya tsaya a ƙofar maƙwabci yana zagin yaron don ya ci tuwon gidan.

Wanda ya fi kowa asara a wannan rigima ma ba Ofili ba ce, don ita tana da jami'a a Amurka da masu horar da ita, tana da ƙasar da ke zawarcinta. Lokacin da nake koyarwa a wata sakandare a ƙasar Rogo, ina da wani ɗalibi da ban taɓa ganin mai gudu irinsa ba. Ba takalmi yake tsere, a filin da rabinsa ƙaya ce, amma kafin na biyu ya iso shi har ya juyo yana dariya. Aka gayyace shi gwaji a birnin Kano. Muka rubuta takardar neman kuɗin mota, muka yi ta sintiri, har ranar ta wuce ba amsa. Da ya gama makaranta sai ya bi 'yan ci-rani. A ganina da shi na ƙarshe, ya zo gida hutun sallah daga Fatakwal, inda yake tura baron rake. Ya rusuna ya ce, "Malam, ai gudu yanzu sai na neman abinci." Ba wanda ya zage shi don ya bar gida, ba kuma wanda ya tambayi abin da ƙasa ta rasa. Irinsa nawa ne tsakanin Zarewa da Fulatan, da ƙauyukan da ke bakin madatsar Challawa, waɗanda ba Turkiyya ba Baharen da za ta taɓa jin labarinsu? Duk shekarar da hukuma ta ɓata a kotu da zaɓen bogi, shekara ce da ba a zo neman irin wannan yaro ba.

Saboda haka in za mu yi fushi, mu kai shi inda ya dace. Mu nemi a riƙa bayyana sunan duk jami'in da sakacinsa ya hana ɗan wasa shiga fili, a sallame shi, a hana shi sake riƙe muƙami a harkar wasanni. Mu nemi a riƙa buga lissafin kuɗin da ake fitarwa kowace gasa, a ga nawa ya je ga 'yan wasa, nawa ya tafi ga 'yan rakiya. Mu tambayi shugabannin ƙananan hukumominmu da wakilanmu yaushe rabon da a shirya gasar guje-guje tsakanin makarantun Karaye da Rogo, a ɗauki waɗanda suka yi fice a kai su filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, da kuɗin mota da takalmi.

Kawu, Allah Ya ja kwananka, ka gafarce ni in na yi azarɓaɓi. Yarinyar nan ta zo mana da ƙafarta tun kafin mu neme ta, ta sa rigarmu, mu muka maida ta gida ba ta jefa ko sau ɗaya ba. Ranar da aka sake nuna maka irin wannan hoto, ka tambayi sunan wanda bai shigar da takardarta ba.